Wace ƙaramar jif ta hannu ce za ta iya da hanyoyin fadama in kuɗin ba su da yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ni malamin gona ne a Argungu, aikina zagayen manoman shinkafa, daga fadama har ƙauyukan wajen Augie da Kangiwa. Corolla ta 2005 gare ni. Da damina sai an tura ni, da rani kuma rairayi ya riƙe ni. Ina so in sayar da ita in haɗa da kuɗin adashi in sayi ƙaramar jif ta hannu mai jan ƙafa huɗu. Kuɗin ba za su kai Hilux ko Prado ba. An nuna mini RAV4 da CR-V da Nissan Rogue. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da damina mai albarka.

Cikin ukun nan ka fara ajiye Rogue gefe, dalilin yana tafe. Sauran biyun, duk wadda ka samu da lafiyarta za ta yi maka aikin. Amma ina so ka san iyakarsu tun yanzu, don kada ka rabu da Corolla ɗinka kana tsammanin ƙaramar Hilux za ka hau.

RAV4 da CR-V da ire-irensu a kan tsarin ƙaramar mota aka ƙera su. Ba su da shasi na ƙarfe daban kamar Hilux da Land Cruiser, bodin ne ke ɗauke da komai, kuma ba su da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da ake sakawa a haura gangare ko a fito daga kwari. Abu biyu suka fi Corolla da shi. Akwai tsayi: cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2012 ya tashi daga ƙasa da kimanin santimita 19, na Corolla ɗinka kuwa bai wuce 15 ba. A baki kaɗan ne, amma shi ke hana tudun tsakiyar hanya da tarakta da amalanke suka bari ya kankare maka ƙasan inji. Sai kuma tayoyin baya, da ke kawo ɗauki idan na gaba suka fara sulɓi. Rairayin wajen Kangiwa, burji mai santsi bayan ruwa, taɓon da bai wuce idon sawu ba, duk za ta fitar da kai. Lakar fadama ta watan Agusta, wadda take riƙe tarakta, ba za ta iya da ita ba. A irin wannan wurin babur ko kwalekwale ne abin hawa, ko da Prado ka zo.

To ga abin da ya fi cinye mutane a wannan ciniki. Motoci da yawa da ake sayarwa da sunan masu ogzileri, wato masu jan ƙafa huɗu, ba su da shi. Wasu tun daga kamfani masu jan gaba ne kawai, domin a Amurka ana sayar da RAV4 da CR-V iri biyu, mai ja biyu da mai ja huɗu, kuma daga waje ba ka rarrabe su. Tambarin 4WD na bayan mota kuwa ana sayar da shi a shagon kayan ado, da gam ake manna shi. Wasu kuma da ogzilerinsu suka shigo ƙasar, a nan aka cire. Farfela, sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya, ta fara ƙara ko girgiza, mai motar ya ji kuɗin gyara, wani makanike ya ce masa a cire ta kawai, ai har mai za ta rage sha. Aka kwance, aka jefa bayan gareji, mota ta ci gaba da tafiya a kwalta lafiya lau. Kai da za ka shiga da ita rairayi ne za ka gane.

Saboda haka cinikin irin wannan mota a ƙarƙashinta ake yinsa. Mai sayen sa na huɗa ƙafafu da haƙora yake dubawa, ba kyan ƙaho ba. A hau da ita kan rami, ko ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila. Za ka ga doguwar sandar ƙarfe ta taso daga bayan giyabos ta bi tsakiyar mota zuwa baya, ita ce farfela. Ta ƙare a jikin wata tukunyar ƙarfe tsakanin tayoyin baya, daga tukunyar kuma shaf biyu sun fita, ɗaya zuwa kowace taya. In babu tukunyar sam, motar mai jan gaba ce tun asali. In ga tukunya amma babu sanda, sai ramukan noti a buɗe suna kallonka, an cire. In duka suna nan, kama sandar ka girgiza ta, kada ta yi lako-lako. Shafa gindin tukunyar da yatsa ka ga ko mai na tsatsafowa. Dubi robobin da ke rufe bakin shaf, in sun yage yashi ya riga ya shiga.

Lambar shasi ma tana faɗin gaskiya, in motar ta Amurka ce. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. A CR-V ta 2007 zuwa 2011, in ka ga RE4 a ciki mai ja huɗu ce, RE3 mai ja biyu. A ta 2002 zuwa 2006, RD7 ja huɗu, RD6 ja biyu. A RAV4 ta 2006 zuwa 2012, harafi na huɗu in B ne ja huɗu ce, in Z ne ja biyu. Na goma kuma shi ne shekarar mota: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Ka riƙe wannan da kyau, don ana sauya wa RAV4 ta 2006 bamba da fitilu a sayar da ita a matsayin ta 2010, alhali injinsu ba ɗaya ba ne.

Bayan ido sai gwaji. Nemi fili mai rairayi, abin da ba ya wuya a wajenmu. Ka sa wani ya ja motar da ɗan ƙarfi daga tsaye, kai ka tsaya gefe kana kallon tayar baya. In na gaba suna tono suna watsa ƙasa, ta baya tana zaune kamar ba da ita ake ba, to an gama magana. Dillalin da ya hana ka wannan gwajin, yi masa godiya ka wuce.

Yanzu motocin kansu.

Da ni ne kai, kuma kuɗin suka kai, RAV4 ta 2009 zuwa 2012 mai silinda huɗu zan nema. Injinta 2.5 ne, 2AR, irin na Camry daga 2010, bai da fitina kuma sarƙar taimin gare shi, ba bel ba. Giyarta otomatik mai huɗu, tsohon yayi, kuma tsohon yayin nan ne ke sa ta jure. Tana da maɓalli a dashbod da kake dannawa ka ƙulle gaba da baya tun kafin ka shiga rairayi, ya saki da kansa idan gudu ya wuce kilomita 40. Ga mai aikinka wannan maɓalli ya fi kujerun fata da rufi mai buɗewa daraja nesa ba kusa ba.

Ta 2006 zuwa 2008 jiki ɗaya ne da ita, ta fi araha, amma injinta 2.4 ne, 2AZ, wanda a waɗannan shekarun ya yi suna wajen shan baƙin mai ta ringi, har Toyota ta ƙara wa'adin garanti a kansa a Amurka. Ba kowace ce ke yi ba. Amma wadda ke yi, za ka taso daga Argungu da mai cike, kafin ka je Kano ka dawo ya sauka ƙasa da alama, kuma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. In ita kuɗinka suka kai, ka saya da sanin cewa wata rana za a iya sauke injin a sa ringi, ka kuma rage farashin daidai da haka. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne injin iri ɗaya ne da na Camry, babu garejin da ba a san shi ba daga Jega har Kamba. Akwai kuma mai V6, 3.5, doki 269. Inji ne mai kyau ƙwarai, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba na ba ma'aikaci mai jiran albashi shawarar V6.

In kuɗin sun gaza haka, koma kan ƙaramar, ta 2001 zuwa 2005. In mai ja huɗu ce, kullum ƙafafunta huɗu suna ja, babu jiran sai gaba ta sulɓe, kuma ba ta da nauyi, don haka a rairayi tana ba da mamaki. Ka fi karkata ga 2004 da 2005. Na 2001 zuwa 2003 masu otomatik suna da sanannen ciwo a kwamfutar da ke sarrafa giya: mota ta riƙa fizga tana dukan giya, makanike ya ce giyabos ne, a sauya, sabon ma ya lalace, domin ciwon yana cikin kwamfutar. In ka samu mai kulochi, ka huta da wannan gaba ɗaya. Sai dai ka tuna motar da ta haura shekara 20 ce, robobi da bushin da wayoyi duk sun tsufa.

CR-V ta fi RAV4 daɗin zama da faɗin ciki, kuma injinta K24 dangin na Accord EOD ne, ƙarfe ne mai rai. Inda take gazawa a aikinka shi ne ogzilerinta ba shi da maɓalli. Har zuwa ta 2011, famfuna biyu ne na mai a tukunyar baya, sai tayoyin gaba sun fi na baya juyawa sannan matsin mai ya kama kulochin da ke tura ƙarfi baya. A taɓo mai santsi wannan ya wadatar. A rairayi mai zurfi, kafin baya ta kawo ɗauki gaba ta riga ta fara haƙa wa kanta rami, sai direba ya iya shiga da ɗan gudu bai tsaya ba. Tukunyar nan kuma mai nata take sha na musamman, wanda Honda ke kira Dual Pump Fluid. A nan sai a ɗura mata man giya mai kauri irin na Hilux, a kashe ta. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, hagu da dama. In ka ji gurnani daga baya, man ne ya mutu, wani lokaci sauya shi kawai ke magance abin, wani lokaci an makara. Ta 2002 zuwa 2006 ta fi ta bayanta tsayi daga ƙasa, safayarta a ƙofar baya, ni ta fi kwanta mini a rai don ƙauye. Ciwonta kwamfireson AC, in ya fashe yakan watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, sai an sauya kusan komai. Giyar Honda kuma ba ta yafe man da ba nata ba.

Rogue tana da kyan gani kuma kullum ita ce mai araha a layi, arahar kuma da dalili. Giyarta CVT ce, bel na ƙarfe tsakanin fuli biyu, kuma babban makiyinta zafi. A Amurka ma sai da Nissan ta tsawaita garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu na Birnin Kebbi da ke haura digiri 40, da mota cike da buhunan iri tana fama cikin rairayi. In ta mutu ba kasafai ake gyara ta ba, sai a nemo wata ta Beljiyam daga kasuwar Ladipo a Legas, wadda ita ma ba a san kwanan da ya rage mata ba. In ranka na son Nissan, tsohuwar X-Trail ta 2001 zuwa 2007 ta fi, giyarta ta gargajiya ce kuma tana da makunnin zaɓar ja biyu, ko ta zaɓa da kanta, ko a ƙulle.

Za a iya kawo maka Tucson ko Sportage. Tsofaffin, kafin 2010, ba su da laifi in an san lokacin da aka sauya bel ɗin taimin, don in ya tsinke bawul ke lanƙwashewa. Subaru Forester da Suzuki Grand Vitara sun fi duk waɗannan iya daji, Vitara har ƙaramar giya wasunsu ke da ita. Amma ranar da wani ƙaramin abu ya lalace a Augie, jira za ka yi a aiko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko daga Legas, mota na zaune manoma na jiranka. Kayan Toyota kuwa da wuya ka rasa a Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Duk wadda ka tsayar, ka ce a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka zo da sassafe. Ɗora hannu kan inji ka tabbatar da sanyinsa, don injin da aka ɗumama yana ɓoye rabin ciwonsa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun dashbod sun kama duka, har da ta inji da ta ABS da ta jakar iska, sannan kowace ta mutu a lokacinta bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ka tsaya a bayan salansa lokacin tayarwa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Buɗe murfin mai, in ka ga abu kamar madarar da aka dama da ƙasa, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya tafi. Zaro sandar man giya ka shinshina, kada ya yi baƙi ko warin ƙuna. In fankar lagireto ta tashi tare da inji tun yana sanyi, alhali AC a kashe, an haɗa ta kai tsaye, galibi an cire tamostat ma, kuma sau da yawa ana yin haka ne don a rufe matsalar zafi. Daga nan a hau kwalta a yi tafiya mai ɗan nisa da AC a kunne, a dawo a bar ta tana aiki a tsaye, ido na kan allurar zafi. A sa mata kwamfuta kafin a biya, ba bayan an biya ba. A leƙa kuma a ga ko indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, na nan, don ana yanke shi a sayar.

Za ka ji dillali na cewa, "Wallahi Malam, motag ga wata Hajiya ka hawan ta, daga gida sai ofis." Ka amsa da to, ka dubi robar fedar birki da fatar sitiyari da gefen kujerar direba. Su ba a mayar da su baya kamar yadda ake mayar da mita. Ka tuna kuma mitar motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan.

Kada kalmar Beljiyam ta ruɗe ka. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka a gwanjon inshora aka saye su, wasu hatsari suka yi, wasu ambaliya ta shanye. Ta ruwa ita ce mafi sharri, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice. Ɗaga kafet, leƙa ramin safaya, jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi layin laka ko warin rima. Wadda ta fito Kanada ko arewacin Amurka kuma gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasanta, ƙwanƙwasa da sukudireba inda ƙafafun baya suka kama jiki. Da lambar shasin nan ana iya biyan kuɗi kaɗan a intanet a ga tarihin motar, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Ni a wurina motar da wani ma'aikaci ya riƙe a nan gida, ka san shi, ka san makanikensa, ta fi Beljiyam ɗin da ba a san asalinta ba, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Takardu kuwa, mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin halin da ake ciki. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina biyowa ta daji ba, da takardun diyuti na bogi. Mota irin wannan tana iya shekara a cikin gari lafiya, ranar da ka nufi Kontagora kwastan su karɓe ta. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance, lambar shasi ta jikin mota ta dace da ta takarda harafi da harafi, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin mallaka. Wanda ya ce a Facebook ka tura kafin alƙalami don ya riƙe maka motar gwanjon kwastan, ɓarawo ne. Kuma a yanayin da ake ciki na tsaro, mai shiga ƙauyuka ya fi kwanciyar hankali da mota mai launin da bai ɗaukar ido, babu baƙin gilashi.

Kada ka zuba kuɗinka duka a kan saye. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ka riƙe, ko da hakan zai sa ka sauko daga 2010 zuwa 2005. Mafi yawansu a taya za su tafi. Mota mai ja huɗu tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cin ƙasa kusan ɗaya, domin in wata ta fi wata girma, na'urar tana ɗauka sulɓi ake yi, ta yi ta kamawa a kan kwalta har ta ƙone. Haɗa-haɗar tayoyin Beljiyam, wannan daga nan waccan daga can, ita ke kashe ogzileri da yawa a ƙasar nan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, komai kyan zanenta, zafin kwaltar Jega zuwa Yauri zai iya fasa ta.

Sauran kuɗin a sauya duk wani mai da ke jikinta a makon farko: na inji, na giya da ainihin wanda aka rubuta mata, WS ga RAV4 daga 2006, T-IV ga ta kafin nan, DW-1 ga Honda, sai na tukunyar baya da na akwatin da ke raba ƙarfi. A wanke lagireto a zuba ruwansa mai kala, ba na rijiya ba, a mayar da tamostat in an cire. Matatar iska kuwa da hunturu ka riƙa duba ta duk mako. Ka ajiye shebur, igiya mai ƙarfi, ɗan katako na ɗora jak da famfon taya a but. In za ka shiga rairayi mai yawa ka rage iskar taya kaɗan, ka mayar da ka hau kwalta. Ruwan da ya kai tsakiyar taya kuma, sauka ka taka shi da ƙafa tukuna, domin bakin da inji ke shaƙar iska yana nan gaba kusa da fitila, in ya zuƙi ruwa sandunan fistin ne ke lanƙwashewa.

Ka zo da makanikenka, wanda kai za ka biya kuɗin motarsa da na yininsa, ba wanda dillali zai kira maka ba. Kuma kada ka saki Corolla sai ka ga motar da za ka saya ka gama bincikenta, don mai tafiya a ƙasa da kuɗi a aljihu duk abin da aka nuna masa saye yake yi.